Tambarin Lado Mai Tafireta

Yayana Lado bai taɓa cutar ko kaza da gangan ba, wannan zan iya rantsuwa a kai. Amma akwai mutum guda a ƙasar Taura da ya rasa mutuncinsa ta dalilinsa, kuma ni na ɗinke takardun da aka yi ɓarnar da su, da keken ɗinkina, da farin zare. Shi ya sa in na ji 'yan unguwarmu Limawa suna ba da labarinsa suna dariya, wai shi ne mahaukacin talabijin ɗin nan, sai raina ya ɓaci. Ba su san rabin abin da ya faru ba.

Ni ce Bilki, ƙanwarsa, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya girme ni da shekara tara. Mahaifinmu manomi ne, gero da dawa da 'yar gyaɗa, sai awaki a bayan gida. Yaya Lado ne kaɗai a cikinmu ya gama firamare, daga nan aka tura shi Kano wajen wani ɗan'uwa ya yi shekara guda yana koyon buga tafireta. Ya dawo gida Dutse da tsohuwar tafireta a cikin akwatin ƙarfe, ya tarar babu mai bukatarta. Wa zai buga wa? Garin a lokacin duwatsu ne da dabino da mutanen da suka san juna tun kaka da kakanni. Ya ajiye akwatin a ƙarƙashin gado, ya ɗauki fartanya kamar kowa, ya yi shekara goma sha a haka.

Sai aka ba mu jiha a alif ɗari tara da casa'in da ɗaya, aka ce Dutse ce babban birni. Ma'aikata suka yi ta kwararowa daga Kano da fayil-fayil a bayan motoci, ba gidan kwana, ba ofishin kirki, kowa kuma da takardar da yake so a buga masa yanzu-yanzu. Yaya Lado ya zaro akwatinsa, ya shafa wa tafireta man keken ɗinkina, ya kafa tebur a gindin wata dalbejiya kusa da sakatariya. Takardar neman aiki, takardar ƙorafi, yarjejeniyar sayen fili, duk shi ne. Cikin shekara guda ya yi wa ɗakin Inna rufin kwano.

A gindin bishiyar nan ya ɗauko wata ɗabi'a da ba ta sake shi ba har ya mutu. Ya ga yadda ofis ke tsara takarda, suna a layi ɗaya, gari a layi na biyu, sana'a a na uku, abin ya shiga ransa. Ya yarda cewa magana ba ta zama magana sai an jera ta haka. Ranar da matarsa Adama ta haihu, takarda ya bugo wa dangi: Jinsi, mace. Lokaci, hantsi. Halin mai jego, da sauƙi. Inna ta ce a karanta mata, da ta ji sai ta ce, "Wannan jikata aka haifa ko akuya aka kai asibiti?" Ya kuma je Kano aka sassaƙa masa tambari na roba, zagayayye, da tauraro a tsakiya da sunansa a gefe da ƙananan haruffan Turanci da ko mai ido huɗu sai ya ƙanƙance ido kafin ya karanta. Tawadarsa shuɗiya mai ja-ja, irin ta ofis sak. Duk abin da ya fito daga tafiretarsa sai ya danna masa tambarin nan, ya hura, ya ɗaga ya duba.

A hannun wani ma'aikaci da aka mayar Kano ya sayi talabijin, ƙarama, marar kala. Ya ɗaure eriya a kan doguwar gora, ya samo batirin mota saboda wuta ba ta da tabbas. A lokacin wata tashar Kano na nuna wani wasa duk Asabar da ƙarfe biyar na yamma, sunansa Bayan Kwata. Ba irin wasannin da muka saba ba ne, waɗanda ake kama ɓarawo a ƙarshe a yi masa dukan dariya kowa ya tashi. A wannan, ɗan sanda na karɓar cin hanci a gaban idonka. Ana nuna gawa a cikin kwata ƙudaje na bi. Akwai ranar da aka yi minti biyar cur ana nuna wata uwa tana wanke jinin ɗanta daga tabarma, ba kiɗa, ba magana. Shugaban ɓarayin shanu a cikin wasan shi ne Baushe, dogo, siriri, da tabo a kunci, ba ya ɗaga murya ko zai sa a yanka mutum. Ni ban so wasan ba, yana hana ni cin tuwo. Ban kuma taɓa barin Asabar ɗaya ta wuce ni ba.

Yaya Lado kuwa ba kallo yake yi ba, karatu yake. Da littafin rubutu a kan cinyarsa yake zama, yana rubuta wa ya ce me, wa ya shiga ta wace ƙofa. In yaro ya yi tari sai ya harare shi. Ranar Litinin duk wanda aka ɗauke wa wuta, ko batirinsa ya mutu ana tsakiyar wasa, sai ya nufi gindin dalbejiya ya ce, "Malam Lado, yaya aka ƙare da mai gadin nan?" Ya yi ta bayani har masu jiran takarda su gaji su tafi. Adama ce ta ce masa, da gatse, tunda bakinsa ba ya gajiya sai ya buga musu a takarda su bar shi ya yi aiki. Bai ji gatsen ba, ya ɗauka shawara ce.

Haka aka fara Jagoran Mai Kallon Bayan Kwata. Shafi goma sha shida ne. Yana bugawa a sitansil, a gurza masa kwafe-kwafe a wani shago a unguwar Takur, bangon kuma a yi shi a fotokofi. Ni a lokacin mijina ya rasu na dawo gida da kekena, don haka ni ke ninke su in bi tsakiya da ɗinki. A ciki akwai sunan kowa da kowa na wasan, da wanda yake ɗan'uwan wane, da taswirar unguwar da ya zana da hannunsa har da inda rijiya take, da fassarar zaurancen ɓarayin, da jerin kurakuran da Sufeton 'yan sandan cikin wasan ya yi a bincike. Wannan jerin shi ma'aikata suka fi so, su zauna a ofis suna gardama a kansa aikin gwamnati na jira. Gaskiya littafin ya yi daɗi. Har gobe ban ga wanda ya san wani abu ciki da bai kamar yadda Yaya Lado ya san unguwar nan da babu ita a duniya ba.

Da a Takur abin ya tsaya, da ba komai, don duk mai saye a can ya san wasa ne. Sai wani mai tallan littattafan addini da na soyayya ya fara ɗiba yana kai wa kasuwanni, Shuwarin ran Litinin, Gujungu ran Lahadi. A can masu sayen yawancinsu ba su taɓa zama gaban talabijin ba. A kai littafin ƙauye, wanda ya yi makaranta ya karanta wa sauran a dandali. Yaya Lado ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce ilimi ya shiga karkara.

Ana shirin littafi na huɗu ya ji labarin da ya hana shi zama. Ashe mai fitowa a Baushe ɗan jiharmu ne, Bafulatani, malamin dabbobi a Taura, ran Juma'a da yamma yake hawa mota ya je Kano a ɗauki wasan. Sunansa Malam Hussaini Zainulabidin. Yaya Lado ya sa babbar rigarsa ta sallah ya tafi nemansa. Ya dawo bakinsa har kunne, ya zaunar da mu ni da Adama ya ba mu labari tun daga sallama.

Ya ce mutumin kunya gare shi kamar amarya. Da kansa ya dama masa fura. Tabon kuncin nan ba na wuƙa ba ne, wata saniya ce ta tunkuye shi yana yi mata allura. Ya ce mahaifinsa, Malam Zainulabidin, shi ya karantar da rugage bakwai, da yana raye da bai yarda ya yi wasan ba. Da Yaya Lado ya roƙi hoto, sai ya ba shi ɗan ƙaramin nan na fasfo da ya rage masa, ya ce, "Malam Lado, ka sa Hussaini kawai. A bar sunan Malam ya huta."

Yaya Lado ya ce, "Haba ranka ya daɗe, takarda ba ta cika sai da sunan uba. Hussaini nawa ne a Taura? So nake duniya ta san wane ɗa jiharmu ta haifa."

Malam Hussaini ya yi murmushi ya ce, "To, kai ka san aikinka."

Bangon littafi na huɗu yana idona har yanzu. Hoton a sama, fotokofi ya ƙara masa duhu, idanun sun faɗa, tabon ya fito fari. A ƙasa an jera yadda ya saba. Suna, Hussaini Zainulabidin. Laƙabi, Baushe. Gari, Taura. Shanun da ya sace, arba'in da ɗaya. Rayukan da ya kashe, uku. Matsayi, ba a kama shi ba tukuna. Sannan ya danna tambarinsa a kusurwar hoton, rabi a kan fuska rabi a kan takarda, kamar yadda ake yi a ofis. Kalmar wasan kwaikwayo tana ciki, a shafi na biyu, sau ɗaya.

Na ɗauki na farko zan sa a keke na ce, "Yaya, wannan ai kamar takardar 'yan sanda."

Ya tafa hannu. "Kin gani ko? Abin da nake so ke nan!"

Na yi dariya na taka keke. Ɗari uku na ɗinke a kwana biyu, daga baya aka ƙara wasu. Ina da baki, kowa a Limawa ya san ina da baki, amma ranar da ya kamata in yi amfani da shi dariya na yi. Wannan yana damuna har yau.

Wasan ya tsaya bayan shekara huɗu, ba sanarwa, ba sallama. Wata Asabar kawai muka kunna muka ga wani yana koyar da noman rani. Ba a taɓa kama Baushe ba. Yaya Lado ya yi mako bai da walwala, ya rubuta wa tashar wasiƙa uku ba amsa. Sai kuma shagunan kwamfuta suka fara buɗewa a Takur, masu kai masa aiki suka ragu, har ya ɗauke teburinsa daga gindin bishiya ya dawo da shi zauren gidanmu. Ragowar littattafan ya zuba a buhu ya tura ƙarƙashin gado. Muka manta da su.

A shekara ta dubu biyu aka ƙaddamar da shari'a. Aka rufe gidajen kallo, masu kiɗa suka yi shiru, kowa ya shiga taitayinsa. A kowace majalisa maganar ɗaya ce, ɓarawo ya shiga uku, hannu za a cire. Mutanen karkara da aka daɗe ana kwashe musu dabbobi ba mai bi musu haƙƙi, su suka fi kowa murna, kuma ban ga laifinsu ba.

Bayan kaka ta shekarar da ta biyo baya wani direba ya yi sallama a ƙofarmu da hantsi. Ya ce daga Taura aka aiko shi, Malam Hussaini yana tsare, jibi za a shiga kotu, ya ce a zo da mai tafireta. Abin da ya faru shi ne, an tura shi rigakafin shanu a wata ruga, ba zan faɗi sunanta ba. Ya yi musu allura, ya ƙirga garke, ya tafi. Bayan mako biyu aka kore shanu tara na wani dattijo, Baffa Ɗanmusa. Dattijon ya yi ta tunanin inda ya san fuskar malamin nan mai tabo. Sai ya buɗe ledar da yake ajiye rasiɗan haraji da katin zaɓe, ya zaro littafinmu na huɗu, wanda ya saya a Gujungu shekara shida da suka wuce ya adana don gudun irin wannan rana. A kasuwa suka tare Malam Hussaini. Kafin 'yan sanda su ƙwace shi an karya masa haƙori biyu.

Yaya Lado ya zauna a dakalin ƙofa. Na ce tare za mu je, don na san shi, in ya firgita harshensa ɗaurewa yake.

Kotun ɗaki ɗaya ce, ta cika har taga. Malam Hussaini na zaune a benci leɓensa a kumbure, hannayensa biyu a tsakanin gwiwoyinsa. Da ya gan mu ya ɗan sunkuyar da kai ya gaishe mu, kai ka ce a gidansa muka same shi. Alƙalin ba tsoho ba ne. Da aka miƙa masa littafin ya duba bangon, na ga ya danne dariya, ashe shi ma yana ɗalibi ya kalli Bayan Kwata. Ya tambayi Yaya Lado, shi kuma ya yi bayani. Alƙali ya juya ga dattijon ya ce, "Baba, wannan wasa ne na talabijin. Shanun nan arba'in da ɗaya babu su, mutanen da aka kashe suna nan da ransu. Kana da wata shaida ban da wannan?"

Baffa Ɗanmusa ya miƙe da sandarsa. Ƙaramin mutum ne, gemunsa fari fat. Ya ce, "Allah ya gafarta malam, ni ban yi boko ba, amma na san takardar hukuma. Ga hoto, ga tambari a kan hoto. Haka katina yake."

Yaya Lado ya ce, "Tambarina ne, Baba. Ni na sa aka sassaƙa."

"Kai ma'aikacin gwamnati ne?"

"A'a, Baba."

"To wa ya ba ka izinin danna tambari a kan ƙarya?"

Dattijon bai ƙyale ba, ya nuna Malam Hussaini da haɓa ya ce, "Shi kuma, ɗan Malam Zainulabidin, ya tsaya gaban jama'a shekara huɗu yana cewa shi ɓarawon shanu ne, ba wanda ya sa masa wuƙa a wuya? Bafulatani? Ni dai ban taɓa jin mutumin kirki ya yi wa kansa haka ba." Ɗakin ya yi gunaguni, kuma ba gunagunin ƙin yarda ba ne. Na shiga kotun nan da niyyar tsanar tsohon, na kasa. Shanunsa tara sun tafi, abin da ya tara duk rayuwarsa, kuma shekara shida yana riƙe da takardar da ya ɗauka gargaɗi ce daga hukuma.

Alƙali ya kori ƙarar ranar, ya yi wa masu duka faɗa sosai. Hannun Malam Hussaini ya tsira. A waje Yaya Lado ya je zai yi masa magana, mutane suka yi yawa, 'yan'uwansa suka sa shi a mota. Mu ma muka dawo Dutse.

Kotu ta wanke shi, rugage ba su wanke shi ba. Labari ya riƙa iso mu ta bakin direbobi. In aka ji ƙarar babur ɗinsa sai a kora shanu daji. Wani Arɗo ya aika ofis cewa in shi za a turo, gara ciwon ya kashe garken. A masallaci in ya ajiye takalmi sai na kusa ya ɗauke nasa ya riƙe a hannu. Ofis suka ɗauke shi daga fita, suka ba shi tebur da ba aikin komai a kai. Ana cewa ai alƙalin ɗan boko ne, 'yan boko kuwa ba sa tona wa juna asiri.

Yaya Lado ya daina cin abincin kirki. Wata safiya ya ce ya samo mafita, zai buga takardar gyara ya raba kyauta a duk kasuwar da littafin ya shiga. Wannan karon na yi magana. Na ce, "Yaya, mutanen nan ba karatu suke yi ba. Ka je wajen sarkin kasuwa a sa mai shela ya zagaya da lasifika. Ka je wajen limaman Juma'a. Da baki za a gyara wannan."

Ya ce, "Bilki, maganar baki iska ce, kafin la'asar an manta. Takarda ce ta ɓata, takarda ce za ta gyara."

"To ka cire hoton."

"In ba hoto yaya za a san wa ake wankewa?"

"Tambarin fa?"

"Kin ji abin da tsohon ya ce. Abin da ba tambari ba sa yarda da shi."

Na yi faɗa, na yi kuka, na ce masa taurin kansa ya fi na jaki. Ya saurare ni har na gama, ya ce in yi haƙuri, ya shiga zaure na ji tafireta ta fara ƙara. Ya rubuta kalmomi masu kyau, wallahi. Ya ce shi Lado ne mai laifi, Malam Hussaini mutumin kirki ne ɗan mutumin kirki, bai taɓa ɗaukar ko igiyar wani ba. Ya sayar da tumakinsa biyu ya yi ɗari biyar. Da ƙafarsa ya bi Gujungu da Shuwarin da ƙananan kasuwannin da ke tsakani, yana miƙa wa duk wanda ya gani da sanda da malafa, yana liƙa saura a jikin bishiyoyi da bangon tasha. Ya dawo ya yi baƙi ya rame, amma ranar ya ci tuwo har ya nemi ƙari.

Bayan kwana goma wata mata daga wajen Taura ta kawo mini ɗinkin biki. Ba ta san ko ni wace ce ba. Ina gwada ta tana hira, ta ce, "Kin ji kuwa ɓarawon shanun nan da alƙali ya saki? Ashe gwamnati ba ta haƙura ba. An sake fito da takardarsa sabuwa, har a bishiya an liƙa, da hotonsa da tambari. Maigidanmu ya ce wannan karon sai hannu." Zaure da ɗakin ɗinkina labule ne kawai a tsakani, Yaya Lado ya ji komai.

Malam Hussaini ya zo da kansa bayan wata guda, ran wata Laraba da safe. Na ji sallamarsa na gane muryar tun kafin in leƙa. Ya tsufa, rigar ta yi masa yawa. Yaya Lado ya miƙe har kujera ta faɗi. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, gida, iyali, gajiya, sanyi. Na kai ruwa na dawo bayan labule na tsaya.

Ya ce, "Malam Lado, na ajiye aiki. 'Yata Mahbuba ta daina zuwa makaranta, yara na yi mata kukan shanu in ta wuce. Zan kwashe iyali mu yi gabas, can wajen Adamawa ko gaba da nan, inda Allah ya nufa. Aiki na kawo maka. Takardar canjin suna nake so, wadda zan kai kotu in yi rantsuwa."

Yaya Lado ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai masu kwamfuta a Takur, sun fi ni..."

"Ba na so in yi wa baƙo bayani daga farko. Kai ka san komai."

Na ji an zura takarda a tafireta. Aka daɗe kafin haruffa su fara sauka, ɗaya-ɗaya. Sai Yaya Lado ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Sabon suna fa?"

"Hussaini dai a bar shi, da shi uwata ke kirana. Na Malam za a cire. Mutumin da ya karantar da rugage bakwai, yau sunansa ake kira a kasuwa in ana maganar sata. Ka sa mini wanda kowa ke da shi, wanda in an faɗa ba mai waiwayowa."

"Wanne?"

"Duk wanda ya zo maka."

Sunan Musa ya buga masa. Malam Hussaini ya karɓa ya karanta a hankali, ya ninke ya sa a aljihu, ya yi godiya. Bai ɗaga murya ba, bai ce kai ka jawo mini ba, da ma ya faɗa da ya fi sauƙi. Yaya Lado ya raka shi har bakin titi. Da ya dawo na ce, "Ka nemi gafararsa?" Ya ce bakinsa ne ya ƙi buɗuwa, amma ran Lahadi zai je Taura takanas ya durƙusa masa a gaban iyalinsa. Ya je ran Lahadin. Ya tarar da gidan a rufe, maƙwabta suka ce tun Juma'a motar kaya ta zo.

Shekara bakwai Yaya Lado ya ƙara a duniya. Ya koma gona, tafireta sai jefi-jefi in wani tsoho ya ƙi yarda da kwamfuta. Duk direban da ya ji yana bin hanyar gabas sai ya tare shi a tasha ya ba shi sallahu. In ya ce Hussaini Zainulabidin, ba wanda ya taɓa ji. In ya ce Hussaini Musa, sai direba ya yi dariya ya ce, "Baba, wanne daga ciki? Ni kaɗai na san biyar." Sau biyu ya bi kwatance har Mubi, ya tarar da wani mutum daban.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ya kira dangi da maƙwabta ɗaya bayan ɗaya ya nemi yafiya, kowa ya ce ya yafe, don ba wanda yake riƙe da shi da komai. Da ɗakin ya rage ni da Adama, ya kama hannuna ya ce, "Bilki, saura mutum ɗaya. Ki nemo mini shi." Na ce to. Ya rasu washegari bayan azahar.

Na cika alkawari iyakar ƙarfina. Na aika ta bakin fatake, na sa an yi cigiya a rediyo sau uku. Mutum goma sha ɗaya suka amsa cewa su ne Hussaini Musa, ba mai tabo a kunci ko ɗaya. Yanzu idona ya yi rauni, ko zare ba na iya zurawa a allura, kuma in yana raye ya haura tamanin. Ban same shi ba.